Hoton tintaif

Tintaif, wanda ake kuma kira ferotaif ko melainotaif, nau'in hoto ne da ake ɗauka kai tsaye a kan siririn farantin baƙin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti. Ya fi yin tashe a Amurka a shekarun 1860 da 1870, kuma an ci gaba da yin sa a bakin teku da wuraren bukukuwa har cikin ƙarni na 20. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Ingilishi ta kuza, duk da cewa babu kuza a jikin farantin. Saboda arharsa da saurin kammaluwarsa, tintaif ya zama hoton manoma, leburori, sojoji da baƙin haure, wato mutanen da a da ba su da halin zuwa a zana su ko a ɗauke su hoto mai tsada.

Tintaif ba shi da nagatif da za a sake wanko wani daga jikinsa. Farantin da ya shiga cikin kyamara shi ne wanda ake miƙa wa mai shi. Galibin waɗanda suka rage a hannun iyalai ba su ɗauke da suna, ko kwanan wata, ko sunan garin da aka ɗauke su. Wannan ya sa masu binciken nasaba da ma'aikatan gidajen tarihi suke nazarin jikin hoton kansa, tun daga ƙarfen har zuwa tufafin da ke ciki, domin sanin lokacin da aka ɗauke shi da kuma ko su wane ne a ciki.

Tarihi

Hoto na farko da ya shiga kasuwa shi ne dagerotaif, wanda Louis Daguerre ya bayyana a Faransa a 1839. Ana yin sa a kan farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa, kuma yana da tsada. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya wallafa hanyar amfani da kolodiyon, wani ruwa mai yauƙi da ke riƙe sinadaran hoto a kan gilashi. Daga wannan hanya aka samu ambrotaif, wato hoton kan gilashi, sannan tintaif.

Adolphe-Alexandre Martin ne ya fara bayyana yadda za a yi hoton kolodiyon a kan baƙin ƙarfe, a Faransa a 1853. A ranar 19 ga Fabrairu 1856 Hamilton Smith, malami a Kwalejin Kenyon da ke jihar Ohayo, ya yi wa fasahar rajistar mallaka a Amurka. Peter Neff ya shiga sana'ar ƙera farantan da sunan melainotaif, shi kuma abokin gogayyarsa Victor Griswold ya sayar da nasa da sunan ferotaif. Daga baya sunan tintaif ya rinjayi duka biyun a bakin jama'a.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1860 an raba ƙananan lambobin ƙarfe masu ɗauke da tintaif na Abraham Lincoln a gefe ɗaya da na mataimakinsa Hannibal Hamlin a ɗaya gefen. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ne ya ƙara yaɗa shi. Masu ɗaukar hoto sun riƙa kafa tantuna kusa da sansanonin soja, kuma soja yana iya sa hotonsa cikin wasiƙa ya aika gida ba tare da ya fashe ba, saɓanin na gilashi. Iyalai ma sukan ɗauki nasu su ba wanda zai tafi fagen daga. A 1872 Edward Estabrooke ya wallafa littafin koyar da sana'ar a Amurka. Tintaif ya ƙara ja da baya bayan fitowar kyamarar Kodak a 1888 da Brownie a 1900, lokacin da mutane suka fara ɗaukar hotunan gidansu da kansu.

Yadda ake yin sa

Ana fara shafa wa farantin ƙarfen baƙin fenti mai kwalta a gasa shi ya bushe. Masana'antu ne ke yin wannan, mai ɗaukar hoto kuma ya sayi faranti shiryayye. Idan mutum ya zo, sai mai hoton ya zuba kolodiyon a kan farantin ya karkata shi har ruwan ya rufe ko'ina. Kolodiyon auduga ce da aka sarrafa da asid aka narkar a cikin sifirit da sinadarin eta, aka ƙara mata gishirin aidin ko na buromin. Daga nan sai a tsoma farantin a ruwan naitiret na azurfa a cikin ɗaki mai duhu, wanda ke sa ya riƙa jin haske.

Dole a ɗauki hoton a kuma wanke shi tun farantin yana da danshi, wato cikin kimanin minti 10 zuwa 15. Ana buɗe idon kyamara na 'yan sakanni. Sai a wanke da ruwan salfet na ƙarfe, a tsayar da hoton da sayanaid na fotasiyam, wanda guba ne mai kisa, ko da sinadarin haifo. A ƙarshe a busar da shi a kan fitila a zuba masa man sheƙi na ƙaro domin kariya. Wasu masu hoto sukan ɗan shafa jan launi a kumatu, su ɗiga ruwan zinariya a kan zobe, sarƙa da maɓallan riga.

A zahiri abin da ya fito a kan farantin nagatif ne mara ƙarfi. Wuraren da haske ya bugi farantin suna zama azurfa mai launin toka-toka, wuraren da bai buga ba kuma baƙin fentin ƙasa ke bayyana. Shi ya sa tintaif ba ya da fari fat, kuma hoton yakan yi ɗan duhu.

Bambance shi da sauran tsofaffin hotuna

Matakin farko na nazari shi ne tabbatar da cewa hoton tintaif ne, domin dagerotaif da ambrotaif da tintaif na farko duk ana sa su cikin ɗan akwati iri ɗaya. Dagerotaif yana ƙyalli kamar madubi, kuma idan aka karkata shi hoton yakan ɓace ko ya juye ya zama nagatif. Ambrotaif yana kan gilashi, yana da ɗan zurfi a ido, kuma idan baƙin fentin bayansa ya ɓare ana iya hango haske ta wurin. Tintaif ba ya ƙyallin madubi, ana ganin sa ta kowace kusurwa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na maganaɗisu. Idan aka kawo ƙaramin maganaɗisu a bayan hoton ko bayan akwatinsa, tintaif zai ja shi, amma jan ƙarfen dagerotaif da gilashin ambrotaif ba za su ja ba. Ba a ɗora maganaɗisun a fuskar hoton, domin zai iya karce shi.

Gano lokacin da aka ɗauki hoto

Babu alama guda da ke bayar da shekara ita kaɗai. Ana tattara alamomi da dama ne a ga inda suka haɗu, kuma sakamakon yawanci tazara ce ta shekara biyar zuwa goma.

Faranti. Farantan farko na ƙarshen shekarun 1850 sun fi kauri, kuma wasunsu na ɗauke da tambarin Neff ko na Griswold a gefe. Daga 1870 aka fara sayar da faranti mai fenti ruwan ƙasa, wanda ake kwatanta launinsa da cakulan, kuma ya yi tashe har tsakiyar shekarun 1880. Hoton da ya yi ruwan ƙasa gaba da baya yana nuni ga wannan zamani.

Girma. Tintaif ya gaji ma'aunin dagerotaif, wanda ake lissafawa daga cikakken faranti:

Cikakken faranti: inci 6½ da 8½
Rubu'in faranti: inci 3¼ da 4¼
Kashi ɗaya cikin shida: inci 2¾ da 3¼
Kashi ɗaya cikin tara: inci 2 da 2½
Ɗan mitsitsi, wanda ake kira jem: kimanin inci ¾ da 1

Ƙananan hotunan sun yawaita ne daga shekarun 1860, bayan samuwar kyamarori masu idanu da yawa da ke ɗaukar hoto iri ɗaya sau huɗu ko fiye a kan faranti guda. Sai a yayyanka su da almakashi a raba wa dangi. Wannan ne dalilin da ya sa gefunan tintaif ba su cika daidaita ba, kuma ta haka ake iya samun tagwayen hoto ɗaya a gidaje biyu na dangi. Ana kuma datse kusurwoyin farantin domin ya shiga albam cikin sauƙi.

Mazubi. Daga 1856 zuwa tsakiyar shekarun 1860 ana sa tintaif a ɗan akwati mai murfi, da gilashi a sama, da zagayen tagulla, da shimfiɗar karan-miski a ciki. Wasu akwatunan katako ne da aka lulluɓe da fata ko takarda, wasu kuma an zuba su ne daga haɗin ƙaro da garin katako. Daga shekarun 1860 takarda ta maye gurbin akwati: ana sa hoton a bayan kati mai taga, girman katin ziyara, domin ya shiga albam tare da hotunan takarda. Idan katin yana ɗauke da ranar rajistar mallaka, wannan rana tana nuna cewa ba a haɗa hoton da katin kafin ta ba. Sai dai ana iya cire tsohon hoto daga mazubinsa a sa shi a wani, don haka mazubi shaida ce mai rauni idan ba ta dace da sauran alamomi ba.

Kan sarkin haraji. Wannan ita ce alama mafi ƙarfi ga hotunan Amurka. Domin tara kuɗin yaƙi, gwamnati ta sa haraji a kan hotuna daga 1 ga Agusta 1864 zuwa 1 ga Agusta 1866. Hoton da kuɗinsa bai wuce santi 25 ba ana manna masa kan sarkin santi 2, na santi 25 zuwa 50 na santi 3, na santi 50 zuwa dala ɗaya kuma na santi 5. Mai hoton yakan soke kan sarkin da haruffan sunansa, wani lokaci har da kwanan wata. Tintaif mai irin wannan kan sarki a bayansa ya faɗa cikin waɗannan shekaru biyu.

Tufafi da gyaran gashi. Kayan mata sun fi na maza saurin sauyawa, don haka su ake fara dubawa. A shekarun 1860 siket yana da faɗi sosai kamar ƙararrawa saboda zoben ƙarfen da ake sa wa a ciki, gashi kuma an tsaga shi a tsakiya an kwantar da shi. A shekarun 1870, da kuma tsakiyar shekarun 1880, faɗin ya koma baya, inda ake tara yadi a ƙugu ta baya. A tsakiyar shekarun 1890 hannun riga ya kumbura sosai daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. A hoton iyali an fi dogara da shigar budurwa ko matashiyar uwa, domin tsofaffi sukan ci gaba da sa yayin ƙuruciyarsu, kuma yayi yakan makara kafin ya isa ƙauye.

Yara ƙanana maza da mata duk doguwar riga ake sa musu har zuwa shekara huɗu ko biyar. Abin da ke taimakawa wajen bambance su shi ne tsagar gashi: ta 'yan mata a tsakiya, ta yara maza a gefe.

Bango da kayan ado. Hotunan farko ba su da komai a baya sai labule ko bango. Daga shekarun 1870 aka yawaita zanen bango mai itatuwa da koguna, tare da shingen katako da duwatsun bogi. Zanen teku, jirgin ruwa ko motar wasa yana nuni ga hotunan wuraren shaƙatawa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Idan hotuna biyu suna da zanen bango da kujera iri ɗaya, akwai yiwuwar a shago ɗaya aka ɗauke su.

Abubuwan da ke ruɗar mai kallo

Juyin madubi. Yawancin tintaif suna nuna mutum a juye, damansa a hagu, hagunsa a dama, kamar yadda yake ganin kansa a madubi. Zoben aure da ke hannun hagu sai ya bayyana a hannun dama, maɓallan kwat su koma ɗaya gefen, rubutun da ke kan allo ko kan ɗamarar soja ya fito a baibai. Tabo ko tawadar Allah a fuska ma haka. Wasu masu hoto sun yi amfani da madubi a gaban idon kyamara domin gyara wannan, don haka ana neman rubutu ko maɓalli a cikin hoton a tabbatar kafin a yanke hukunci.

Launi. Kolodiyon yana jin shuɗin haske sosai, amma da ƙyar yake jin ja da rawaya. Shuɗiyar riga takan fito da haske, ja ko rawaya kuma ta fito baƙa. Shuɗayen idanu sukan yi fari-fari, fatar da rana ta ƙona kuma ta ƙara duhu. Saboda haka ganin mace cikin baƙar riga a tintaif bai isa a ce tana takaba ba, kuma hoton ba abin dogaro ba ne wajen auna hasken fatar mutum.

Madogarin kai da labarin gawa. Domin kada mutum ya motsa, ana jingina ƙeyarsa da wani ƙarfe mai tsayi, wanda ƙafarsa takan leƙo a bayan takalmansa. An yaɗa a intanet cewa wannan ƙarfe alama ce ta gawa da aka tsayar. Gaskiya ne an ɗauki hotunan mamata a ƙarni na 19, amma a kwance suke a gado, a akwatin gawa, ko a cinyar iyaye. Madogarin ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin jikin mutum, an yi shi ne domin mai rai. Rashin murmushi ma al'adar zaman hoto ce ta lokacin, haɗe da wahalar riƙe fuska ba motsi.

Ɓoyayyiyar uwa. A hotunan jarirai akan ga wani abu kamar kujera da aka rufe da mayafi. Sau da yawa uwa ce ko mai reno take riƙe da yaron a ƙarƙashin mayafin. Katin da ake ɗorawa a kai yakan rufe ta, sai idan an cire shi take bayyana.

Hoton hoto. Idan wani ya rasu, dangi sukan kai tsohon dagerotaif ɗinsa a sake ɗaukarsa a tintaif domin kowa ya samu. Irin wannan kwafi yana nuna tufafin shekarun 1840 ko 1850 a kan farantin da aka ƙera bayan shekaru da yawa, kuma da yake an juya shi sau biyu, dama da hagu sukan koma daidai. Wani lokaci ana ganin gefen tsohon hoton ko ƙusoshin da aka kafe shi da su.

Gano mutanen da ke cikin hoto

Bayan an samu tazarar shekaru, sai a kiyasta shekarun kowane mutum a hoton a gwada da abin da aka sani na iyalin: takardun ƙidayar jama'a, rajistar aure da haihuwa, da takardun soja. Yawan yara, jinsinsu da tazarar da ke tsakaninsu sukan nuna ko wane gida ne. Misali, idan tufafi sun nuna tsakiyar shekarun 1890, matar da ke riƙe da jariri ba za ta zama kakar da aka haifa a 1830 ba, ko da haka aka saba faɗa a gidan. Ta fi kama da 'yarta ko surukarta.

Tsarin albam ma shaida ne, domin an saba fara shi da iyaye ko ma'aurata, sannan 'ya'ya da sauran dangi. Cire hotuna daga albam ba tare da rubuta jerinsu ba yana ɓatar da wannan bayani. Sunan da aka rubuta a bayan kati yana da amfani, amma ana duba ko da wane abu aka rubuta shi: rubutun biro ya zo ne daga shekarun 1940, wato wani ne daga baya ya rubuta abin da ya ji.

Kamannin fuska shi ne mafi raunin hujja, domin 'yan'uwa suna kama da juna, baƙi ma sukan yi kama. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya karɓi kyautar ambrotaif da tintaif kusan 700 na zamanin yaƙin basasa daga iyalin Liljenquist a 2010, kuma yawancin sojoji da iyalan da ke cikinsu ba a san sunayensu ba.

Misalin Billy the Kid

Tintaif mafi shahara shi ne na ɗan bindigar nan Henry McCarty, wanda aka fi sani da Billy the Kid, da aka ɗauka a Fort Sumner cikin yankin Niyu Meziko wajen 1879 ko 1880. A hoton ƙaramar bindigarsa tana ƙugunsa na hagu, abin da ya sa aka daɗe ana cewa bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958 wanda Paul Newman ya fito a ciki. Daga baya masu nazari suka lura cewa ƙofar zuba harsashi ta doguwar bindigarsa ƙirar Winchester 1873 ta fito a gefen da kamfanin bai taɓa sa ta ba. Wannan ya tabbatar da cewa hoton a juye yake, kuma bindigar a damansa take.

An amince da sahihancin hoton ne saboda an san hannayen da ya bi: ya ba abokinsa Dan Dedrick, ya kuma ci gaba da zama a zuri'arsa. A watan Yuni 2011 an yi gwanjonsa a birnin Denver a kan dala miliyan 2.3. Wasu tintaif da aka ce shi ne a ciki sun bayyana daga baya, amma masana tarihi da dama ba su karɓe su ba, domin hujjarsu ta fi dogara ga kamanni, ba su da tarihin mallaka mai ɗorewa.

Lalacewa da adanawa

Farantin ba ya fashewa, amma yana lanƙwashewa. Inda ya lanƙwashe fenti da kolodiyon sukan tsage, danshi ya shiga, tsatsa ta kama ƙarfen ta riƙa ɗaga hoton daga ƙasa. Man sheƙin ma yakan yi duhu idan ya daɗe cikin haske. Masu adana kayan tarihi suna ba da shawarar kada a yi ƙoƙarin miƙar da farantin da ya lanƙwashe, kada a goge fuskarsa da tsumma, kuma kada a sa masa ruwa ko sifirit, domin sifirit yana narkar da man sheƙin har da kolodiyon ɗin.

Ana riƙe tintaif ta gefunansa da hannu mai tsabta ko da safar hannu. Ana ajiye kowanne a cikin ambulan ɗinsa na takarda mara asid, da ɗan kwali a baya, a wuri mai sanyi mara laima. Ba a manna masa salatif ko gam. Bayanin hoton ana rubuta shi da fensir a jikin ambulan. Akwatin da ke rufe da gilashi ba a buɗe shi sai a hannun ƙwararre. Ɗaukar hotonsa gaba da baya da kyamarar zamani yana rage yawan taɓa shi, kuma a kwamfuta ana iya ƙara masa haske, a faɗaɗa shi, a kuma juya shi domin ganin mutanen yadda suke a zahiri.

Tintaif a yau

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 wasu masu ɗaukar hoto suka farfaɗo da fasahar, musamman a Amurka da Turai. A 2013 wani sojan saman Amurka, Ed Drew, ya ɗauki abokan aikinsa a tintaif a Afganistan. Yawancin sababbin ana yin su ne a kan farantin alminiyam mai baƙin fenti, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, kuma wannan na taimakawa wajen bambance su da na da. Akwai kuma na jabu da ake bugawa da injin ɗab'i a manna a kan ƙarfe. Idan aka duba irin waɗannan da gilashin ƙara girma ana ganin ɗige-ɗigen tawada a jere, abin da ba a samu a hoton kolodiyon na asali.